Keken Kwalta Daban, Keken Kurmi Daban

Ranar Asabar da safe a tsakiyar damina, idan mutum ya tsaya a gefen Kafanchan inda kwalta ta ƙare jar ƙasa ta fara, zai ga kekuna iri-iri suna shiga hanyar gona. Ga dattijo a kan tsohon baƙin kekensa mai kariya, fartanya ɗaure a baya, yana tafiya sannu kamar an sa shi dole. Ga samari a kan kekuna masu ƙyalli, ja da shuɗi, da shokozoba gaba da baya, suna wuce shi suna kaɗa masa ƙararrawa. Idan mai kallon ya yi haƙuri ya jira la'asar, sau da yawa zai tarar abin ya juya. Dattijon ya dawo zaune a kan sirdinsa da damin itace ko buhun gwaza, ɗaya daga cikin samarin kuwa yana tafe a ƙasa yana tura nasa, sarƙa ta zame ta maƙale, laka ta cika tsakanin taya da bodi, birkin baya ya daina kamawa.

Wannan ba ya nufin keken dattijon shi ne gwanin daji. Shi ma yana da nasa aibu, kuma za a zo kansa. Abin da dattijon ya fi yaron da shi shi ne ya san halin hanyar, ya san iyakar abin hawansa, kuma duk abin da ya lalace a jikinsa akwai mai gyara a bakin kasuwa da zai ɗaura masa kafin magariba. Yaron kuwa da ido ya yi ciniki. Fenti ya gani da manyan rubuce-rubuce a jikin bodi, sai ya zuba kuɗin da ya yi wata da watanni yana tarawa.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, keke ya dawo da martabarsa a garuruwan Arewa. Kuɗin acaba ya tashi, ɗan abin da ake ba yaro na mota ya daina kai shi ko rabin hanya. Ɗalibin reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da mai koyon sana'a, da mai zuwa gona, kowa ya zauna ya yi lissafinsa. Ga kuma wata sabuwar sha'awa da ta shigo ta cikin waya: matasa suna kallon bidiyon masu keke suna gangaro duwatsu suna ratsa kurmi a YouTube da TikTok, suna cewa ai mu ma muna da irin waɗannan wurare. Gaskiya suka faɗa. Sha'awa ce mai kyau da ya kamata manya su ƙarfafa, amma tana bukatar abin hawan da ya dace da ita.

Kafin a yi maganar keke, sai an yi maganar ƙasa. Kudancin Kaduna ba shimfiɗaɗɗen fili ba ne irin na Kano ko Katsina. Yana zaune ne a gindin tsaunukan Filato ta yamma, inda iskar damina mai tasowa daga kudu maso yamma take cin karo da duwatsu ta sauke ruwanta. Shi ya sa ruwan da ke sauka a Kafanchan a shekara ya ninka na Katsina, ya soma tun Afrilu, bai ɗauke ba sai Oktoba. Dutsen Kagoro, wanda ake bikin Afan a gindinsa kowace ranar 1 ga Janairu, ya haura mita 1,200 daga saman teku. Daga waɗannan duwatsu rafuka ke ɓulɓulowa su yanka gonaki, su haƙa kwazazzabai, har a je ga ruwan Matsirga da ke kusa da Madakiya, mai zubowa daga tsayin kusan mita 30.

Dajin ma ba iri ɗaya ba ne. Kurmin Nindam da ke kusa da Kagoro yana da duhu da danshi irin na kudancin Nijeriya, har ƙungiyar BirdLife International ta sa yankin cikin muhimman wuraren tsuntsaye na duniya. A irin wannan wuri ƙasa ba ta bushewa da wuri, saiwoyi sun ratsa turba, ruɓaɓɓen ganye ya lulluɓe ramuka. Gandun dajin Nimbia, a kan hanyar Jos, shukakken daji ne na itatuwan katako da aka jera layi-layi, hanyoyinsa sun fi faɗi amma tayoyin manyan motocin ɗaukar gungume kan bar musu kwari biyu da tudu a tsakiya. Wajen Kwoi da Nok da Kachia kuma turba ce ta gonakin citta, marmara da tsakuwa a kan tudu, taɓo a fadama. A tafiyar awa ɗaya mai keke zai iya haɗuwa da duk waɗannan.

Abu uku irin wannan hanya take tambayar keke. Shin zai iya hawan tudu ba tare da mai shi ya sauka ba? Shin tayarsa za ta riƙe ƙasa idan jar laka ta jiƙe ta zama kamar sabulu? Shin birkinsa zai kama a gangare bayan an ratsa rafi? Keken da ya amsa waɗannan ya ci jarrabawa, ko da fentinsa ya koɗe.

Abin sha'awa shi ne, keken tsauni da ake gani a bidiyo, matasa ne suka ƙirƙiro shi, kuma da tsofaffin kekuna suka fara. A shekarun 1970, a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, wasu samari suka riƙa tsinto kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940 waɗanda aka yasar, masu nauyi da faffaɗan taya, suna gangaro hanyoyin dajin da ke kewayen dutsen Tamalpais da su. A watan Oktoban 1976 suka fara wata gasa a kan gangaren da bai kai kilomita uku da rabi ba, amma saukarsa ta kusan mita 400. Birkin kekunan yana cikin cibiyar tayar baya, kuma yakan yi zafi har giris ɗin ciki ya ƙone, sai an kwance an sake ɗura wani bayan kowace sauka. Daga nan gasar ta samo sunanta, Repack, wato sake ɗurawa. Wahalar hanya ce ta koya musu abin da keke ke bukata. Joe Breeze ya ƙera bodi na musamman a 1977, Gary Fisher da Tom Ritchey da Charlie Kelly suka mayar da abin sana'a, kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper a 1981, sannan a 1996 tseren keken tsauni ya shiga wasannin Olamfik a Atlanta.

Akwai abin lura a wannan tarihi. Shokozobar gaba ta RockShox ba ta shigo kasuwa ba sai wajen 1989. Ke nan an yi shekara fiye da goma ana hawan duwatsu ana ratsa daji da keken da ba shi da shokozoba ko ɗaya. Abin da suka fara nema shi ne faffaɗar taya, giya mai sauƙi, birki mai ƙarfi, da bodin da ba ya karyewa. Matashin Kafanchan da ke da ɗan kuɗi kaɗan, a kan waɗannan huɗun ya kamata ya zuba su.

To, ina matsayin baƙin keken dattawa? Raleigh na birnin Nottingham a Ingila ya yi suna a ƙasar Hausa har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano, daga baya Phoenix na Shanghai da Hero da Avon na Indiya suka cika kasuwa. Wajen ɗaukar kaya da jure wahala babu mai ja da su. Ƙarfe ne zalla, idan ya tsage mai walda zai ɗinke shi, kuma babu ƙauyen da za a rasa sifok ko boris ɗinsa. Matsalarsa tana cikin giya da birki. Giyarsa ɗaya ce tak, galibi haƙora 44 zuwa 48 a gaba, 18 ko 20 a baya, a kan taya mai inci 28. Duk juyin feda ɗaya yana tura keken kimanin mita 5 ko fiye. A miƙaƙƙiyar hanya daɗi ne, amma a hayi sai gwiwa ta gaza. Keken tsauni mai haƙora 22 a gaba da 32 a baya yana tafiyar mita ɗaya da rabi ne kawai a juyi ɗaya, shi ya sa mai shi yake hawa a zaune yana numfashi daidai alhali na baƙin keke ya sauka yana turawa. Birkin sanda kuma, wanda roba ke matse farin ƙarfen rim, da zarar ya jiƙe sai ya zama kamar babu shi. Wanda ya taɓa gangarowa bayan yayyafi yana matsa birki keken yana ƙara gudu ya san wannan fargabar. Ga madigadi da ke tara laka har taya ta ƙi juyawa, sai an nemi tsinke an yi ta sakata.

Keken tsere, mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, shi ba a ma doguwar magana a kansa. Faɗin tayarsa bai wuce milimita 25 zuwa 28 ba, don kwalta mai santsi aka yi shi, kuma tsakuwar farko za ta huda shi. Ko a cikin gasa kowane fage da kekensa. A wasannin Olamfik na Paris a 2024, Ese Ukpeseraye, wadda ita ce ta fara wakiltar Nijeriya a tseren keke a Olamfik, ta je da keken titi, da aka sa ta a tseren cikin zauren gasa sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ya dace da wurin. Idan gwanar da ta kai wannan matsayi ba ta iya shiga wani fage da keken wani fagen ba, ina ga mai koyo?

Wanda ya fi cin kuɗin matasa, kuma wanda ya fi ba da takaici, shi ne sabon keke mai araha da aka yi wa siffar keken tsauni. Za a gan shi da ƙaton sifirin a tsakiyar bodi, da faifan birki mai walƙiya, da giya 21 a rubuce da manyan baƙaƙe, wani lokaci har da sunan da aka kwaikwayi na Shimano aka sauya harafi ɗaya. Kyan ɗan maciji ke nan. A ɗaga shi a ji, nauyinsa yakan kai kilo 18 ko 20, alhali keken tsauni na ƙwarai mai matsakaicin farashi yana tsakanin 12 da 14. Sifirin ɗin baya ba shi da abin da ke danne tsallensa, sai ya riƙa lilo da mahayi, duk ƙarfin da aka zuba a feda wajen hawa rabinsa ya tafi a lilon. Mahaɗar da ke riƙe bayan keken kuma ba ta daɗewa take sakin jiki, a ji tayar baya tana kaɗawa hagu da dama, kuma wannan ciwo ne da mai gyara ba shi da maganinsa.

Ba a cewa shokozoba biyu ba ta da amfani. Ta gaskiya tana da shi ƙwarai, ita ce a ƙarƙashin masu gasar Cape Epic da ake yi a Afirka ta Kudu tun 2004. Sai dai kuɗin irin wannan keke ya fi na sabon babur, kuma shokozobarsa tana bukatar mai na musamman da robobi da famfonta daban, abubuwan da sai an aika Abuja ko Legas, a can ma sai an dace. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma tsadar da babu mai gyaranta a gari ita ma ajiya ce kawai a zaure.

Abin da ya dace da turbar kudancin Kaduna shi ne keken tsauni mai sandararren baya, wato wanda ba shi da shokozoba a baya. Idan yana da ta gaba mai aiki, mai nutsewa kamar milimita 80 zuwa 100 ta dawo a hankali, madalla. Idan kuwa tsohuwa ce da ta yi tsatsa ta ƙage, ko tana ƙwanƙwasa idan an danna, gara wanda ba shi da ita sam, don matacciyar shokozoba nauyi ce kawai. Irin waɗannan kekuna suna nan cikin kayan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Japan da Amurka, na kamfanoni kamar Trek da Giant da Specialized da Scott, waɗanda aka ƙera a shekarun 1990 da 2000. Tsohon keke na ƙwarai mai shekara ashirin ya fi sabon bogi nesa ba kusa ba. Game da bodi, alminiyam ya fi sauƙin ɗauka kuma ba ya tsatsa, amma idan ya tsage ya gama aiki, mai waldar bakin titi ba zai iya masa komai ba. Na ƙarfe ya ɗan fi nauyi, sai dai yana karɓar gyara. Ga wanda ke zaune a Godogodo ko Jagindi ko Manchok, nesa da manyan shaguna, na ƙarfen ya fi kwanciyar hankali.

Girman taya ma abin dubawa ne. Kekunan tsauni suna zuwa da inci 26, ko 27.5, ko 29. A ƙasashen waje yanzu 29 ake yayi, kuma da gaske ya fi hawa kan saiwa da dutse cikin sauƙi. Amma tambayar da matashi zai yi ita ce: idan tayar ta fashe a Zonkwa ranar kasuwa, wace ce zai samu ya saya? Inci 26 ce ta fi yawa a hannun masu kayan keke, da tayarta da tub ɗinta da rim ɗinta. Wanda ya sayi mai 29 ya tabbata ya san inda zai samo taya kafin ya biya.

Faɗin tayar ya zama inci 2 zuwa 2.3, mai ƙuraje a jiki, kuma ƙurajen su kasance da tazara a tsakaninsu don laka ta riƙa fita da kanta. A duba kuma a ga akwai sarari tsakanin taya da bodi, aƙalla yatsa ya shiga. Kuskuren da kusan kowane mai koyo yake yi shi ne ya sa a ɗura wa taya iska har ta yi tauri kamar dutse. A kwalta hakan yana sa gudu, a daji kuwa sai keken ya riƙa tsalle yana zamewa. A rage iskar har babban yatsa ya ɗan nutsa idan an danna da ƙarfi. Amma kada a wuce gona da iri, don idan ta yi laushi sosai, taya ta daki dutse, rim zai cije tub ya bar huji biyu a jere kamar saran maciji.

Birki kuwa shi ne rai. Mai roba irin na zamani, wanda ke matse rim na alminiyam da dogayen hannuwa biyu, yana da ƙarfi, robarsa tana da araha, kowane mai gyara ya iya saita shi. Aibunsa shi ne laka tana cinye robar da sauri, don haka a damina a riƙa dubawa kowane mako. Birkin faifai ya fi shi kamawa cikin ruwa, kuma mai aiki da waya ya fi dacewa da nan fiye da mai aiki da mai, wanda idan iska ta shige shi sai gwani. Ko wane iri ne, a sani na gaba ne ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin tsayawa, kuma shi ne ke wurgar da mutum ta saman kan keke idan aka damƙe shi gaba ɗaya a gangare. Ana matsa su biyun ne tare, a hankali, mahayi ya ɗaga daga sirdi ya ja jikinsa baya. Kafin a fita ma a gane wane hannu ne na gaba, don kekunan da suka fito daga Ingila da Japan a dama yake, na Amurka da yawancin Turai kuma a hagu.

Yawan giya ba shi ne abin nema ba, sauƙin ta ƙarshe shi ne. A sunkuya a dubi ƙaramin faifan haƙora na gaba da babban na baya. Idan girmansu ya zo ɗaya, ko na bayan ya fi, keken zai hau tudu. Mai bakwai ko takwas a baya ya fi mai goma sha ɗaya ko sha biyu dacewa, don sarƙarsa ta fi kauri, ta fi jure ƙasa, ta fi sauƙin samu.

Sai batun tsayi, wanda iyaye ke yawan kuskurewa da cewa a saya masa babba zai girma ya tarar da shi. A daji babban keke haɗari ne. Mahayi ya tsaya da ƙafa biyu a ƙasa, keken a tsakanin ƙafafunsa, ya ga akwai tazarar yatsu uku ko huɗu tsakaninsa da sandar sama, don a turba sauka ba ta sallama. Sirdi kuma a ɗaga shi har idan an ɗora dunduniya a feda tana ƙasa, ƙafa ta miƙe. 'Yan mata ma suna da rabo a wannan harka, kuma akwai kekunan tsauni masu saukakkiyar sanda da suka fi musu sauƙin hawa da sauka. Abin kiyayewa shi ne bakin zane ko hijabi ko gyale kada ya kusanci sarƙa da sifok. Dogon wando a ciki da ɗaure abin da ke lilo ya wadatar, kuma samari masu doguwar riga su ma maganar ta shafe su.

Ranar ciniki, babu abin da ya kai tafiya da mai gyaran keke amfani, ko da za a biya shi kuɗin yininsa. Yana da kyau a ga yadda tsohon hannu ke duba keke. Ba ya kallon fenti. Zai fara shafa wuyan keken da yatsa, a bayan inda kai ya haɗu da bodi, yana neman wurin da fenti ya tattare, alamar an taɓa yin karo bodin ya lanƙwashe. Zai bi kowace walda da ido yana neman tsaga siririya kamar gashi. Zai ɗaga gaba ya juya taya, ya kafa babban yatsa kusa da rim ya ga ko tana rawa. Zai matse birkin gaba ya jijjiga keken gaba da baya, yana sauraron ƙwas-ƙwas a wuya. Zai kama feda ya girgiza ta gefe, ya ja sarƙa daga gaban faifan haƙora ya ga ko za ta ɗago har a hango haske, alamar ta gaji. Daga ƙarshe zai kwance notin sirdi ya ja, don idan sandar sirdin ta ƙage a cikin bodi, fitar da ita aiki ne ja.

Idan yaro ya ce, «Baba, ai wancan jan ya fi kyau,» amsar da zai ji ba ta wuce, «Yaro, hau wannan ka zagayo, sannan ka hau wancan.» Shawarar ke nan. A hau, a sauya kowace giya, a taka da ƙarfi a ji ko sarƙa za ta yi tsalle, a nemi ɗan tudu ko da na bakin kwata ne. Mai sayarwar da ya hana gwaji, a bar masa kayansa. A kuma rage wani abu daga kuɗin, kada a ƙarar da shi duka a kan keken, don gwanjo kusan kullum yana bukatar sabuwar robar birki, da waya, da tub, wani lokaci da sarƙa.

Keke mai ƙatuwar taya ta inci 4 da ake gani jefi-jefi, don yashi da ƙanƙara aka yi shi, a nan nauyi ne da wahalar neman taya. Mai batir kuma yana da daɗin hawan tudu, amma wanda ya san halin wutar lantarki a yankin zai yi tunani sau biyu, kuma idan batir ya mutu a tsakiyar daji, turin keke mai kilo 25 ba wasa ba ne.

Akwai matashin da ba yawon buɗe ido ne ya dame shi ba, so yake ya kai taki gona ya dawo da buhun citta ko acca. Shi lissafinsa daban ne, kuma bai kamata ya ji kunyar baƙin keke ba. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, da ta tashi ƙera keke don ƙauyukan Zambiya da Kenya da Malawi, ba mai shokozoba ta yi ba. Ta yi Buffalo, ƙarfe mai kauri da kariyar da ke ɗaukar kilo 100, ta kuma horar da masu gyara a ƙauyukan da ake raba shi. Wanda ke son haɗa biyun, kaya da hawan tudu, ya nemi keken tsauni na ƙarfe mai ƙananan ramukan noti kusa da cibiyar tayar baya, ya sa a ɗaura masa kariya mai ƙarfi.

Hular kwano ba ado ba ce, kuma ba ta masu babur kaɗai ba ce. Faɗuwa a kan marmara ko kututture ba ta yi kama da faɗuwa a yashi ba, ga asibiti da nisa. Ƙaramin famfo, da tub guda, da faci da sholisho, da sifana da ta dace da notocin keken, da gorar ruwa, duk za su shiga 'yar jaka ɗaya. Wanda bai iya cire taya ya yi faci da hannunsa ba, ya zauna wurin mai gyara yini ɗaya ya koya kafin ya yi nisa da gari. Bayan kowace fita a damina a wanke laka, a goge sarƙa, a ɗiga mata mai kaɗan. Baƙin man da aka juye daga inji yana tara ƙasa ya zama kamar wasa wuƙa a kan haƙora, gara man keken ɗinki idan babu na sarƙa.

Magana mafi nauyi ita ce ta tsaro, kuma ba za a ɓoye ta ba. Shekarun nan kudancin Kaduna ya sha fama da hare-hare da satar mutane, kuma akwai dazuzzukan da ko mafarauta ba sa shiga yanzu. Babu keken da ya fi harsashi gudu. Turbar da take lafiya bara tana iya zama ba lafiya bana, kuma waɗanda suka san haka su ne mutanen wurin: mai unguwa, 'yan sintiri, ma'aikatan gandun daji, matan da ke zuwa itace. Matambayi ba ya ɓata. A fita uku ko huɗu, a faɗa wa na gida inda za a da lokacin dawowa, a juyo tun rana tana sama. Idan an ce kada a wuce rafi kaza, to kada a wuce. Rafin da ya kawo bayan ruwan sama ma ba a gwada shi, ko da an ratsa shi da sammako a idon sawu.

Turbar kuma tana da masu ita. Ƙafafun manoma da makiyaya da mata masu kaya a ka ne suka fitar da ita tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kafanchan a 1927. Mai keke baƙo ne a kanta. Ya rage gudu a kwana, ya yi sallama tun daga nesa, ya sauka ya ba tsohuwa hanya, kada ya kutsa cikin garken shanu, kada ya yanke ta cikin kunyar citta don neman gajeriyar hanya, balle manoman da cutar da ta afka wa citta a 2023 ta riga ta durƙusar. Wasu duwatsu da kurame suna da alfarma a wurin Agworok da Bajju da Ham da Atyap da sauran masu ƙasar, ba a hawa sai da izini. Gaisuwa da Hausa tana buɗe ƙofa a ko'ina a yankin, wanda ya ƙara da kalma biyu ta harshen ƙauyen kuwa har ruwa za a ba shi.

Saboda haka matashin da ya tara kuɗinsa ya fara zuwa rumfar mai gyara kafin ya je wurin mai sayarwa, ya tambaye shi kayan wane irin keke yake samu cikin sauƙi. Ya nemi mai sandararren baya, mai taya inci 26, mai giyar hawa da birki mai kamawa, wanda ya yi daidai da tsayinsa, ya haɗa da hular kwano. Fitar farko kuma ya bari sai Nuwamba, shi da abokansa, a gajeriyar hanya kamar ta Matsirga. A lokacin ruwan sama ya ɗauke, turba ta bushe, hazo bai yi kauri ba, ruwan Matsirga kuma bai riga ya ja baya ba.